Nisa ɗaya, awa daban: yadda ake lissafin tafiyar jirgin sama zuwa tsibirai masu nisa

Malam, ka ce ka auna a taswira ka ga daga Santiyago, babban birnin Chile, zuwa tsibirin Ista da ke tekun Pasifik kimanin kilomita 3,750 ne, daga Johannesburg zuwa tsibirin Sent Helena kuma kusan 3,700. To me ya sa na farkon ake yin sa cikin awa biyar da 'yan kai, na biyun kuwa sai ya ci awa shida har da ya da zango a sha mai? Ka kuma tambaya ko akwai lissafin da mutum zai yi da kansa ya san tsawon lokacin tafiya tsakanin irin waɗannan tsibirai.

Lissafin yana nan, zan kuma ba ka shi. Sai dai na yi shekaru ina aikin tsara wa jirage hanya da ƙiyasta man da za su sha, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, a tsakiyar teku nisan da ke hana mu barci shi ne nisan wurin da jirgi zai nufa idan sauka ta gagara a inda ya dosa. Wannan nisan ba ya cikin tikiti, ba ya kuma cikin taswirar da ka duba, amma shi ke yanke irin jirgin da za a tura, da yawan mutanen da zai ɗauka, da ko zai tsaya a hanya, har ma da ko zai tashi ranar.

Bari mu fara da awon nisan kansa. Duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, don haka layin da ka ja da rula a kan takarda yana iya yaudararka, musamman idan ka yi nesa da tsakiyar duniya wajen kudu ko arewa. Ka sami ƙwallo, ka ɗiga alama biyu a jikinta, ka ja zare tsakaninsu har ya miƙe tsam. Inda zaren nan ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya, kuma ita ce shafukan intanet ke ba ka idan ka tambaye su nisa tsakanin filayen jirgi biyu. Ka lura da ma'aunin da suka yi amfani da shi. Matuƙa da mu masu tsara hanya da mil na teku muke aiki, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, ba mil na tudu mai kilomita 1.609 ba. Na sha ganin wanda ya haɗa biyun ya fito da amsar da ta kauce da ɗaruruwan kilomita.

Game da lokaci, babban jirgi irin Boeing 787 idan ya kai can sama ya daidaita, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Ka raba nisan da 850, sannan ka ƙara minti talatin saboda gangarawa kan titi, da hawa, da saukowa a hankali. Kilomita 3,750 a raba da 850 zai ba ka awa huɗu da minti 25. Ka ɗora rabin awa, ka tashi da kusan awa biyar. Idan ƙaramin jirgi ne mai farfela, irin ATR 72 da ake yawan amfani da shi tsakanin tsibiran da ke kusa da juna, sai ka raba da 500. Wannan shi ne lissafin da ka nema, kuma a ranar da iska ta kwanta ba zai ba ka kunya ba.

Amma iska ba ta cika kwanciya ba. A can inda jirage ke bi, kilomita goma zuwa sha biyu sama da teku, akwai wasu koguna na iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, a kudancin duniya da arewacinta baki ɗaya. Mai tafiya yamma yana yin gaba da ita ne, mai tafiya gabas kuma tana tura shi. A ce, don misali, ƙarfinta kilomita 80 ne a awa. Mai zuwa tsibirin Ista daga Santiyago yamma ya nufa, gudunsa a kan ƙasa ya koma 770, tafiyar ta zama awa huɗu da minti 52. A dawowa gudun ya zama 930, tafiyar ta koma awa huɗu da minti biyu. Da ƙarin rabin awar nan, zuwa ya kama awa biyar da minti ashirin, dawowa awa huɗu da rabi, kuma kusan haka za ka gani a jadawalin jirgin. Ga wani abu da mutane ba sa lura da shi: a zuwa ka yi asarar minti 27, a dawowa minti 23 kawai ka ci riba. Iska ba ta mayar da duk abin da ta karɓa, saboda ka fi daɗewa a cikinta lokacin da take gaba da kai.

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi. Duk jirgin fasinja kafin ya tashi, doka ta ce sai an zuba masa man isa inda za shi, da man zuwa wani fili na ko-ta-kwana idan na farkon ya rufe, da ƙarin na jira a sama. A kan tudu wannan ba abin damuwa ba ne, filaye rututu, minti ashirin ko talatin ka sami wani. Tsibirin Ista fa? Filinsa, Mataveri, titi ɗaya gare shi tal. Filin da ya fi kusa da shi yana Mangareba, cikin tsibiran Faransa na Pasifik, kimanin kilomita 2,600, kuma ƙarami ne, bai dace da babban jirgi ba. Irin wannan fili a ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ana ɗaukar sa a matsayin keɓantacce, kuma hukuncinsa daban ne: maimakon man zuwa wani fili, sai a ɗora wa jirgi man da zai ishe shi awa biyu cur yana shawagi bayan ya iso saman tsibirin, ko hadari zai wuce, ko za a janye abin da ya tare titi.

Sannan a takardar tafiya muna sa wata alama a kan hanya, wurin da idan jirgi ya wuce shi man da ya rage ba zai mayar da shi inda ya fito ba. Kafin ya kai nan, matuƙi zai nemi rahoton yanayi na ƙarshe daga tsibirin. Idan rahoton ya yi kyau ya ci gaba, idan bai yi ba ya juya, ko da an shafe awa uku ana tafiya. Fasinja ya kan ji haushi a ce an dawo da shi inda ya taso, ni kuwa ban taɓa ganin laifin matuƙin da ya juya a nan ba. Akwai wata alamar ta biyu da ake yawan rikita ta da wannan, wato wurin da ci gaba da komawa suke ɗaukar lokaci ɗaya, wanda ake dubawa idan wani ya kamu da ciwo ko inji ya sami matsala. Mutane na zaton tsakiyar hanya ne. Da iskar misalinmu, a hanyar Ista, ba a kilomita 1,875 yake ba, yana wajen 2,050, domin mai komawa gabas iska na bayansa.

Hukumomin Chile sun ƙara wani tsari a kan wannan. Idan jirgi ɗaya ya wuce rabin hanya ya doshi Mataveri, ba a barin wani ya wuce nasa rabin sai na farkon ya sauka lafiya. Dalilin a fili yake: idan na farko ya lalace a kan titi ɗaya tilo, na biyun ba shi da inda zai sa ƙafa. Titin kansa dogo ne, ya haura mita 3,300, domin a shekarun 1980 Amurka ta biya aka tsawaita shi don kumbonta ya sami wurin saukar gaggawa. Kumbon bai taɓa sauka a can ba, amma tsawon titin ne ya sa babban jirgi mai manyan tankuna yake iya zuwa kai tsaye, ɗauke da mutane da kaya da man awa biyun nan, ba tare da ya tsaya ko'ina ba.

Sent Helena ba ta sami wannan gatan ba. Tsibiri ne na duwatsu a kudancin Atlantika, inda Birtaniya ta tsare Napoleon daga 1815 har ya mutu a 1821, kuma kafin a gina mata filin jirgin sama jirgin ruwa ne kaɗai hanyar zuwa, kwana biyar daga Cape Town. Da aka gina filin, sai da aka cike wani kwari da duwatsu kafin a sami shimfiɗar da ba ta kai mita 2,000 ba, a kan tudu mai tsayin kusan mita 300, teku na ƙasa. A Afrilun 2016 aka kawo Boeing 737 gwaji, sai a karo na uku ya taɓa ƙasa. Abin da aka gano shi ne, idan jirgi ya shigo ta arewa, duwatsun bakin titin suna murɗa iska, ta canja ƙarfi da alkibla farat ɗaya daidai lokacin da jirgi ya rage gudu yana dab da sauka. Idan kuma ya shigo ta kudu, iskar ta fi natsuwa amma tana bayansa, tana ƙara masa gudu, ga titi gajere. Aka ɗage buɗe zirga-zirga fiye da shekara guda. Sai a Oktoban 2017 kamfanin Airlink ya fara zuwa da Embraer E190, ƙaramin jirgi mai kujeru kusan ɗari, wanda zai iya sauka da iska a bayansa ya kuma tsaya kafin titi ya ƙare.

To ka ga sarƙar. Gajeren titi da muguwar iska suka tilasta ƙaramin jirgi. Ƙaramin jirgi tankinsa ƙarami. Filin ko-ta-kwana mafi kusa shi ne na tsibirin Asenshon, kimanin kilomita 1,300 arewa maso yamma, tafiyar awa biyu. Jirgin kuma yamma ya nufa, iska na gaba da shi. Idan ya taso daga Johannesburg kai tsaye zai iso da tanki ya yi ƙasa, ba abin da zai yi jira da shi ko ya karkata. Shi ya sa yake sauka a Walvis Bay, a gaɓar Namibiya, ya cika tanki a wuri na ƙarshe kafin ya faɗa teku. Saukowar nan da shan mai da sake hawa su suka cinye awar da ka ga ta ƙaru. A dawowa ba ya bukatar haka, tunda iska na tura shi kuma gabansa nahiya ce mai filaye da yawa.

Na ce mai yana yanke yawan fasinja, bari in nuna maka yadda abin yake a teburin aiki. Wani dare ina tsara tafiyar wani jirgi zuwa wani tsibiri mai titi ɗaya, na gama lissafi, an fara loda kaya, sai sabon hasashen yanayi ya shigo: gajimare zai sauko ƙasa sosai daidai lokacin isarmu, iskar hanya kuma ta fi yadda aka zata da safe. Na sake buga lissafin, ya nuna sai an ƙara mai wajen tan ɗaya da rabi. Jirgi kuwa yana da iyakar nauyin da zai tashi da shi, kuma mun riga mun kai ta. Fasinja ɗaya da jakarsa muna ƙiyasta shi kilo ɗari, ka ga tan ɗaya da rabi mutum goma sha biyar ke nan. Na kira matuƙin, muka tsaya a kan takardar, yatsansa a kan layin mai, nawa a kan layin nauyi. Ya ce, "Sauke kaya, bar mini mutane." Aka sauke buhunan wasiƙu da kwalayen 'yan kasuwa, duk da haka sai da mutum huɗu suka kwana. Ɗaya daga cikinsu, wata dattijuwa, ta leƙa ta ga kujeru babu kowa, ta ce, "Ɗana, ga wuri nan, me ya sa za ku bar ni?" Na rasa yadda zan gaya mata cewa nauyinta ne ya koma mai a cikin tankin da ke fiffike. Har yau ina tuna fuskarta, kuma har yau da za a maimaita daren, haka zan sake yi. Jirgin ya yi shawagin minti arba'in a saman tsibirin kafin gajimaren ya ɗaga.

Wani abin da ke lanƙwasa hanya shi ne dokar jirage masu inji biyu. Tun 1953 Amurka ta kafa cewa irin wannan jirgi kada ya yi nesa da filin sauka fiye da tafiyar minti 60 da inji ɗaya. Da injuna suka ƙara inganci, aka fito da tsarin da ake kira ETOPS, wanda ya tsawaita wannan iyaka: minti 120 a 1985, minti 180 a 1988, yau kuma Boeing 787 yana da izinin har 330, Airbus A350 har 370. Idan izinin jirgi bai kai ya bi hanyar zaren nan ba, dole ya karkata ya raɓi tsibiran da ke da fili, nisa ya ƙaru. Shi ya sa wasu ƙananan filaye a tsakiyar teku, da ba a cika sauka a cikinsu ba, ake kashe kuɗi ana kula da su dare da rana. Amfaninsu ya fito fili a ranar 24 ga Agusta, 2001, lokacin da wani Airbus A330 daga Toronto zuwa Lisbon ya yi yoyon mai a tsakiyar Atlantika, injunansa biyu suka mutu, ya yi ta zamiya a iska kimanin kilomita 120 har ya sauka a filin Lajes da ke tsibiran Azores na Fotugal. Mutum 306 ne a ciki, babu wanda ya rasa ransa.

Akwai kuma inda lissafin raba nisa da gudu ba ya aiki sam, saboda jadawali ne ke mulki. Daga Honolulu a Hawaii zuwa tsibirin Guam, duk a tekun Pasifik, kimanin kilomita 6,100 ne, kai tsaye awa bakwai da rabi zuwa takwas. Amma akwai jirgin kamfanin United da ke bin tsibiran da ke tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya, hanyar da aka buɗe tun 1968: Majuro, Kwajalein, Kosrae, Pohnpei, Chuuk, sannan Guam. Wannan yana cin awa goma sha huɗu ko fiye. Zangon farko kaɗai, Honolulu zuwa Majuro, awa biyar ne, sauran kuma awa ɗai-ɗai ko da ɗoriya. Jirgin yana tafe da makanikensa da kayan gyara a ciki, don idan ya lalace a ɗaya daga cikin tsibiran nan ba mai gyara shi. Ga mazauna wurin, wannan jirgi shi ne motar asibiti, shi ne gidan waya.

Ƙasar Kiribati, mai tsibirai warwatse a tsakiyar Pasifik, ta fi ba da mamaki. Daga Tarawa, babban birninta, zuwa tsibirinta na Kiritimati kimanin kilomita 3,300 ne, da lissafinmu awa huɗu da rabi. Amma hanyar da aka saba bi ita ce a fita daga ƙasar baki ɗaya, a gangara kudu zuwa Nadi a Fiji, kilomita 2,200, a jira jirgin da ya saba zuwa sau ɗaya a mako, sannan a haura wasu kilomita 3,500. Awa huɗu da rabi ta koma kwanaki, duk don mutum ya je wani ɓangare na ƙasarsa.

Ka yi hattara da agogo a wannan yankin, nan ne masu lissafi da tikiti suke faɗawa rami. Lokutan da ke jikin tikiti na kowane gari ne, ba a ɗebe wannan daga wancan kai tsaye. Tsibirin Ista yana bayan Santiyago da awa biyu, don haka mai duba tikiti zai ga kamar zuwa awa uku da 'yan mintuna ne, dawowa kuma shida da rabi, alhali zuwan ne ya fi tsawo. Sannan ga layin canjin rana da ya ratsa Pasifik. Kiritimati da Honolulu agogonsu ɗaya ne, amma tun 1995 Kiritimati tana gaba da kwana guda. Ka tashi Honolulu ranar Talata da tsakar rana, ka yi awa uku a sama, ka sauka da ƙarfe uku na ranar Laraba. Mu a wurin aiki agogo ɗaya muke bi, na Greenwich, wato GMT, kuma ina ba ka shawara ka mayar da lokacin tashi da na sauka zuwa gare shi kafin ka ɗebe.

A ɗaya gefen kuma akwai tsibiran Westray da Papa Westray a arewacin Sikotland, kilomita 2.7 tsakaninsu, jirgi na yin ta cikin minti ɗaya da rabi. Nan rabin awar da na ce ka ƙara ba ta da wuri. Akwai kuma tsibiran da ba su da fili kwata-kwata. Tsibirin da ake kira Tristan da Cunha, a kudancin Atlantika, sai jirgin ruwa, wajen kwana shida daga Cape Town. Tsibirin Pitcairn na Pasifik ma haka, sai ka sauka a Mangareba ka hau ruwa fiye da kwana guda.

Idan tambayar taka shirin tafiya ce ba sha'awar lissafi kawai ba, to ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan ka raba nisa da gudu, ka binciki sau nawa jirgin ke zuwa a mako, wane iri ne, kuma ina ne fili mafi kusa da tsibirin. Inda jirgi ke zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, kuma filin ko-ta-kwana ya haura kilomita dubu, soke tashi saboda yanayi abu ne da aka saba, domin a wurin matuƙi da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kada ka sayi tikitin wani jirgin da zai tashi a ranar da kake sa ran dawowa nahiya. Ka bar kwana biyu ko uku a tsakani. Maganin da kake sha kullum da takardunka kuma su kasance a jakar hannunka, domin idan mai ya nemi wuri, jakar da ke ƙasan jirgi ita ake fara saukewa.